Ba ni gishiri in ba ka manda: tambayoyi da amsoshi kan jawo masu gini su ware ɗakunan haya masu sauƙi a Maradi

Aikina zanen gini ne da bin magina a wurin aiki, kuma shekara goma sha ɗaya na yi ina zaman haya a garin nan kafin Allah ya hore mini rufin kaina. Tun bayan ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024, wanda ya kwantar da gidajen ƙasa masu yawa ya kuma ci rayuka a cikin birnin Maradi, maganar wurin kwana ba ta bar bakin mutane ba. Duk majalisar da na zauna na kawo zancen wata dabara da wasu birane ke amfani da ita don jawo masu gini su ware wa talaka ɗaki, sai tambayoyi su yi ta zuwa. Ga su na tattara, da amsoshin da nake bayarwa. Shawara ce nake kawo wa garinmu, kuma ina kawo ta da gaske.

Mece ce wannan dabara, a taƙaice?

Ciniki ne tsakanin hukumar birni da mai gini. Kowane birni yana da ƙa'idar gini: ga iyakar tsawon bene, ga yawan ƙofofin da fili zai ɗauka, ga tazarar da za a bari tsakanin katanga da hanya, ga kuɗin takardu. Sai hukuma ta ce wa mai gini: in ka yarda ka ware wani kaso na ɗakunanka ka ba masu ƙaramin ƙarfi a farashi mai sauƙi na tsawon shekaru kaza, ni kuma zan sassauta maka ƙa'ida, ko in yafe maka wani kuɗi, ko in gaggauta maka takarda. In ya ga da riba ya shiga. In bai gani ba ya yi gininsa yadda doka ta tanada tun farko, ba wanda zai ce masa kanzil. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan.

Me hukuma ke bayarwa a nata ɓangaren?

Abin da ya fi yawa a ƙasashen waje shi ne ƙarin gini: a bar ka ka ɗora hawa ɗaya ko biyu a kan abin da doka ta yarda, ko ka ƙara ƙofofi a fili ɗaya. Akwai rage wurin ajiye motoci da ake tilasta wa mai gini ya bari, akwai yafe haraji na wasu shekaru, akwai saurin ba da izinin gini. Wani wuri kuma fili ake bayarwa a rahusa.

A ina aka taɓa yin haka?

Jihar Kalifoniya ta Amurka tana da doka a kan wannan tun 1979. Mai gini da ya ware kaso ga masu ƙaramin ƙarfi yana da haƙƙin ƙarin gidaje a kan abin da tsarin unguwa ya yarda, kuma hukumar gari ba ta da ikon hana shi in ya cika sharuɗɗa. An daɗe ƙarin bai wuce kashi 35 cikin ɗari ba, sai daga 2021 aka kai shi kashi 50. Gidajen hayar da aka ware kuma sai sun shekara 55 a farashi mai sauƙi.

Birnin Niyok na Amurka ya fara nasa na ganin dama a 1987, ya faɗaɗa shi a 2005 zuwa wasu unguwannin da aka sake wa tsari, inda a lokacin mai gini ke samun ƙarin kusan kashi 33 in ya ware kashi 20. A Faransa, dokar tsara birane ta ba gari damar ƙara wa mai gini har zuwa kashi 50 na girman gini in aikinsa ya ƙunshi gidajen masu ƙaramin ƙarfi.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Maroko. Daga 2010 gwamnatinsu ta ce duk kamfanin da ya ɗauki alkawarin gina gida 500 cikin shekara biyar, ya sayar da kowanne a kan kuɗin da bai wuce dirhami 250,000 ba, an yafe masa manyan haraji. Kamfanoni sun yi rububi, an gina gidaje birjik. Amma da yawansu an kai su inda fili ke da arha, nesa da kasuwa da wurin aiki, har kuɗin mota ya riƙa cinye rangwamen da mutum ya samu. Wannan darasi ne da ya shafe mu kai tsaye, zan dawo kansa.

To, ya yi aiki kuwa?

Wani wuri ya yi, wani wuri ya faɗi ƙasa warwas, kuma ba zan ɓoye wannan ba don ina son dabarar. Garin Kambirij da ke jihar Masacuset ta Amurka ya shekara goma da tsarin ganin dama ba tare da ya haifar da abin a zo a gani ba, har a 1998 suka mai da shi dole. Niyok ma a 2016, zamanin magajin gari Bill de Blasio, ta kawo na dole a duk unguwar da aka ƙara wa damar gini, saboda na ganin dama bai kawo yawan da ake so ba. Gundumar Mongomeri ta jihar Merilan, wadda ake yawan kafa misali da ita tun 1974, nata haɗi ne: warewar dole ce, kashi 12.5 zuwa 15, amma ana saka wa mai gini da ƙarin gidaje.

Abin da na fahimta daga duk waɗannan abu ɗaya ne. Mai gini ba ya shiga don an roƙe shi. Yana shiga ne ranar da ya buga lissafi ya ga abin da aka miƙo masa ya kai abin da zai saki. In tayin bai kai ba, takardar tana nan a cikin durowa har ta yi ƙura.

Amma Malam, Maradi ba Niyok ba ce. Wa ya hana Alhaji ɗora bene, balle a ce za a yi masa alfarma da shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma wanda ya fara jefo mini ita wani dattijon maso ne, wato magini, da muke aiki tare a Ali Ɗan Sofo. Ya ce, "Ɗana, a can sama ce ke da tsada, mu nan ƙasa ce." Gaskiya ya faɗa. A Niyok kowane hawa dukiya ne, shi ya sa izinin ƙara hawa ya zama kuɗi a hannun hukuma. A nan galibin gidajenmu a ƙasa suke, kuma abin da ke hana mutum ɗora etaj ba doka ba ce, kuɗin ƙarfe ne da siminti. In meri, wato hukumar birni, ta ce wa mai gini "na yarje maka hawa uku", ta ba shi abin da bai nema ba.

Saboda haka kwafo tsarinsu yadda yake ɓata lokaci ne. Sai mu tambayi kanmu: mene ne ke hannun hukuma wanda mai gini a Maradi yake jin ƙishirwarsa? Ni na ga abu huɗu da idona.

Na farko takarda. Duk wanda ya taɓa bin takardar fili, daga akt da sesiyon, takardar farko ta miƙa fili, har zuwa titir fonsiye, takardar cikakkiyar mallaka, ya san sawu nawa ake yi da wata nawa ake jira. Mai titir a hannu yana iya kai shi banki jingina, wanda ba shi da shi kuwa dukiyarsa a kwance take. In aka ce mai ware ɗakuna zai samu takardunsa cikin wa'adin da aka rubuta, kuma a rahusa, wannan manda ce ta gaske.

Na biyu ruwa da kuran. A sababbin unguwannin bakin gari akwai inda gini ya riga bututu da turakun wuta isa, mutane na sayen ruwa wajen ƴan garuwa. Gidan da famfo ya shiga ba ya kwana babu ɗan haya. In aka sa layin da masu wannan alkawari suka taru a gaba wajen jan bututu da kafa turaku, maƙwabta ma sun ci arziki.

Na uku hanya da kanibo, wato magudanar ruwa. Na huɗu kuma fili kansa, wanda shi ne babban jarin kowace hukumar birni a ƙasar nan. Mun san darajarsa: a shekarun baya gwamnati da filaye ta biya wasu ma'aikata bashin albashinsu. Abin da ya iya biyan bashin albashi zai iya sayen alkawarin haya mai sauƙi.

Mun ma taɓa ganin irin wannan ciniki a wani fanni. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta karya farashin siminti, ta kuma sassauta wa masu sarrafa shi haraji don su iya ɗauka. Tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Idan an ce "mai sauƙi", nawa ake nufi?

In ba a sa lamba ba, kowa zai kira nasa mai sauƙi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne kada haya ta wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da gida ke samu a wata. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024. Kashi 30 na wannan shi ne 12,600, wato jika 12 da ɗoriya. Ni da a ce za a tambaye ni, da wannan zan ɗaure farashin: duk ranar da mafi ƙarancin albashi ya motsa, hayar ta motsa da shi, ba sai an zauna sabon ciniki ba. Na san ɗan kabu-kabu da mai tallan goro ba su da takardar albashi, amma lamba ce da kowa ya sani, ba a kuma iya musunta.

Ka buga mana lissafin mu gani. Ta ina mai gini zai fita?

Ga misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira don a ga yadda abin ke tafiya, kowa ya sa na unguwarsa. A ce Hajiya ta sayi fili miliyan 8. Ƙa'ida ta ba ta ƙofa 8, kowace ciki da falo, kowace ta ci miliyan 3 wajen gini. Jimilla miliyan 32. Tana ba da kowace a jika 25, wato jika 200 a wata. Kuɗinta zai dawo cikin wata 160.

Sai meri ta ce: ƙara ƙofa 2, amma ki ba da su a jika 12. Yanzu ta kashe miliyan 38, tana karɓar jika 224. Kuɗinta sai ya yi kusan wata 170 kafin ya dawo. An ƙara mata jiran wata goma. Za ta yi godiya ta tafi, ba za ta dawo ba, kuma ba ta yi laifi ba.

To a ce an ba ta ƙofa 4, biyu a farashin kasuwa, biyu a jika 12. Ta kashe miliyan 44, tana karɓar jika 274. Wata 160 da ƴan kwanaki. Kun ga an dawo daidai, ba riba ba faɗuwa. A nan ne ɗan abin da za a ɗora zai karkato da ita: a yafe mata kuɗin izinin gini, a sa mata kwantar ruwa ba jira, a fitar mata da titir. Tazarar da ke tsakanin tayin da za a ƙi da wanda za a karɓa ƙofa biyu ce kawai. Shi ya sa nake cewa kada a zauna a ofis a yanke lamba. A kira masu gidajen haya, da dillalai, da magina, a buga lissafin a gabansu, unguwa unguwa, domin abin da zai yi a Zariya ba lalle ya yi a Bagalam ba.

Su wane ne ma "masu gini" a garin nan? Ba mu da manyan kamfanoni irin na Maroko.

Muna da waɗanda suka fi su yawa. Ɗan kasuwar da ya mai da ribarsa bulo, ma'aikacin da ya yi ritaya ya jera ɗakuna shida a bayan gidansa, gwauruwar da hayar ƙofa huɗu ke ciyar da marayunta, ɗan ci-ranin da ke aiko da kuɗi ana ɗora masa layi-layi. Su ne suka gina kusan duk inda ɗan haya ke kwana a Maradi. Birnin Johanasbag na Afirka ta Kudu da ya kafa nasa tsari a 2019 ya fara ne daga gini mai gida 20 zuwa sama. Mu in muka sa wannan iyaka, ba mu kama kowa ba. A fara daga ƙofa biyar ko shida.

Ina ruwan lotisma, wato yanka filaye don gini, da wannan magana?

Ruwa da tsaki. Ranar da aka yanka gona aka mai da ita parsel, ranar ce darajarta ke ninkuwa, kuma sa hannun hukuma ne ya ninka ta. A wannan rana ce hukuma ta fi ƙarfin yin ciniki. Ƙidayar 2012 ta samu mutum 267,249 a birnin Maradi, kuma duk mai ido ya ga inda gari ya kai tun daga lokacin, yana cin gonaki ta kowace fuska. Amma ku zaga sababbin lotisma ku ƙirga filayen da aka kewaye da katanga aka rufe, babu kowa ciki sai tumfafiya, ana jiran farashi ya hau. Fili ya fita daga hannun manomi, bai shiga hannun mai neman wurin kwana ba.

Abin da za a iya yi shi ne a ce wa mai yanka fili: in ka ware wani kaso ka yanka shi ƙanana, mita 150 ko 200 maimakon 400 ko 600, ka sayar wa marasa gida da sharaɗin su gina su zauna, za a gaggauta maka amincewa, a kuma sa ka a gaba wajen ruwa da wuta. Ƙaramin fili ba abin kunya ba ne. Na zana gida mai ɗaki uku da tsakar gida da makewayi a mita 150, iyalin suna ciki har yau, har da bishiyar dogon yaro a ƙofa. Sai dai a kula da darasin Maroko: kada a tura kason talaka can ƙarshen lotisma, bakin kwazazzabo, inda ko adaidaita ba ya zuwa. A rubuta a yarjejeniya cewa a warwatse za su kasance cikin sauran.

Me zai hana mutum ya karɓi alfarmar, bayan shekara ɗaya ya ƙara haya?

Nan ne gizo ke saƙar. Bari in ba ku abin da ya same ni. Ina haya a wani gida mai ƙofa tara da famfo ɗaya a tsakar gida. Ranar da na shiga, mai gidan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, muddin ina raye ba za a ƙara maka ko dala ba." Ba mu rubuta komai ba, na ji kunyar in nemi takarda wajen wanda ya girme ni. Da aka shimfiɗa pabe, wato duwatsun daɓen hanya, a layin, wata bai cika ba yaronsa ya zo da saƙo: an ƙara jika biyar, ko in ba da makulli ƙarshen wata. Matata tana da tsohon ciki a lokacin. Na tuna ina tsaye da amalanke biyu a ƙofar gida, katifa a sama, tukwane a cikin bahon wanka, tana zaune a kan turmi tana jiran mu gama ɗauri. Mutumin nan ba azzalumi ba ne a idon unguwa. Magana ce kawai ba ta da mariƙi.

Don haka alkawarin baka ba ya cikin wannan tsari. A rubuta yarjejeniya, a ambaci ƙofar da lambarta, da farashinta, da shekarunta. A liƙa sharaɗin a jikin takardar filin kanta. A buga ƙaramin allo a ƙofar ɗakin da ke nuna farashi, yadda ɗan haya da maƙwabci da mai unguwa duk za su gani. Kowace shekara ma'aikacin meri ya zo ya tambayi wanda ke ciki nawa yake biya, ba mai gida ba. Wanda ya karya kuma ya maido da abin da aka yafe masa, da tara a kai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Birnin da ya san ba shi da ma'aikatan da za su bi wannan sawu, gara ya fara da unguwa ɗaya.

Wa zai zaɓi wanda zai shiga? Ba ƴan uwan manya za a cusa ba?

Tsoron yana kan hanya. Maganinsa a yi komai a bainar jama'a: a buɗe rajista a kowace daga cikin gundumomi uku na birnin, mai unguwa da limami su shaida cewa mutum ba shi da gida, sannan a yi ƙuri'a a fili, a kira suna da lasifika. Mai gida yana da haƙƙin ya ƙi wanda aka san shi da cin haya ko fitina, amma ya faɗi dalili, a ciro na gaba. Ni zan so a sa waɗanda ruwa ya rushe wa gida a sahun farko, da mata masu riƙon marayu. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke zuwa daga nesa su ma suna cikin matsi, amma nasu ya fi dacewa da gini na musamman kusa da makaranta.

Shekara nawa sharaɗin zai yi? In mai gidan ya rasu, ko ya sayar fa?

Shekara 55 irin ta Kalifoniya za ta kori kowa a nan. Goma sha biyar zuwa ashirin ya fi kusa da hankali, gwargwadon girman abin da aka ba mutum. Sharaɗin kuma gidan yake bi, ba mutum ba. Wanda ya saya ya saya da shi, magada sun gada da shi, kuma dole a sanar da su tun ranar sa hannu don kada rabon gado ya zo da rigima. Ina ba da shawara mai gida ya zo da babban ɗansa ko wani daga cikin magada ya zama shaida.

Ƙayyade wa mutum farashin dukiyarsa bai saɓa wa addini ba?

Hukunci na malamai ne, a kai musu. Abin da zan iya nunawa shi ne babu wanda aka ƙwace wa komai a nan. Mutum ne ya zo da ƙafarsa, ya karɓi abu, ya ɗauki sharaɗi da yardarsa, kuma cika alkawari abu ne da addini ya yi umarni da shi. Wanda ma yake son lada zalla, ƙofar waƙafi a buɗe take: ya tsayar da ɗaki biyu don marasa ƙarfi har abada. Garin da attajiransa suka cika shi da masallatai da rijiyoyi ba zai rasa masu yin wannan ba in an nuna musu hanya.

Ƙara ƙofofi a fili ɗaya ba zai kawo cunkoso da ƙazanta ba? Ga kuma ambaliya.

Zai kawo, in aka sassauta abin da bai kamata ba. Akwai ƙa'idar da ake ciniki da ita, akwai wadda ba a taɓawa. Yawan ƙofa, girman fili, tazarar gaban gida, duk ana iya tattaunawa. Amma yawan makewayi, da nisan masai daga rijiya, da taga mai shigar da iska, da ƙarfin tushe, da barin hanyar ruwa, waɗannan ba na sayarwa ba ne ko da ɗaki nawa mutum zai ware.

Tarihin garin nan ma ya isa ya koya mana. Tsohuwar Maradi a cikin fadama take, ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta cinye ta, aka hau da gari kan tudu aka yanka tituna a miƙe. Wanda bai san wannan ba ya ga na 2024. Ɗaki mai arha a kan hanyar ruwa ba taimako ba ne. Ko kusa kada a ba da wata alfarma ga ginin da ke bakin kwazazzabo ko cikin gangaren da ruwa ke bi, kuma duk ɗakin da za a ƙirga cikin wannan tsari, ko na ƙasa ne, sai tushensa ya zama na siminti ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya.

Me ya sa ba za a tilasta kawai ba, a huta?

Wasu sun tilasta. Faransa tun dokar Disamba 2000 ta ɗora wa garuruwa da yawa kashi 20 na gidajen masu ƙaramin ƙarfi, ta kai shi 25 a 2013, tana cin tarar garin da ya gaza. A Ingila, ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990, hukuma na ɗaure mai gini da irin wannan sharaɗi kafin ta ba shi izini. Amma can ba a aza bulo sai da izini. A nan, inda gini da yawa ke tashi ba tare da an leƙa meri ba, tilas zai ƙara korar mutane ne daga takarda, mu rasa ɗakin mu rasa rajistar. Tayi mai daɗi kuwa yana jawo mutum ya kawo kansa. Inda nake ganin dole ta dace shi ne wuri ɗaya: duk wanda zai karɓi filin hukuma, ko a yanka masa babban lotisma. Wannan dukiyar jama'a ya taɓa, sai jama'a su ga rabonsu.

Ba aikin gwamnati ba ne ta gina da kanta?

Aikinta ne, kuma wannan dabara ba ta sauke mata shi ba. Akwai SONUCI, kamfanin gwamnati na gina gidaje, akwai Bankin Gidaje na Nijar da aka buɗe a 2018, akwai dokar 12 ga Afrilu 2017 da ta shimfiɗa ginshiƙan tsara birane. Sai dai gidan da ake biya ta banki mai albashi yake nema, mafi yawan ƴan hayar Maradi kuwa da cinikin yini suke rayuwa. Kuma wanda ba ya iya biyan ko jika biyar, tsoho marar kowa, ko wanda ya baro ƙauyensa saboda ƴan bindiga, wannan tsari ba zai kai gare shi ba. Nasa taimako ne kai tsaye, daga baitulmali da zakka.

Ni fili ɗaya gare ni a bakin gari, ina tara kuɗin bulo. Me zan yi yanzu?

Yaya, fara da takardarka: ka tabbata sunanka ne a kai, kuma iyakokin da ke rubuce su ne a ƙasa. Kafin maso ya haƙa tushe, ka sa a zana maka filin gaba ɗaya, har da ɗakunan da ba ka da kuɗinsu yau, don kada ka dasa masai a inda ƙofa biyu za su zauna gobe. Ka ja ɗakin iyalinka baya, ka bar gefen titi, ka fitar wa ɗakunan haya ƙofarsu daban da makewayinsu daban, yadda matan gida ba za su takura ba. Sannan ku haɗu, ku masu filaye a layi ɗaya, ku goma ko sha biyar, ku rubuta takarda ɗaya ta hannun mai unguwa zuwa meri: ga yawan ƙofofin da za mu ware, ga farashin, ga shekarun, mu kuma ga bututun da muke so a ja mana, daga mahaɗar kaza zuwa ƙarshen layi, mita kaza. Ku auna mitocin da kanku kafin ku je, ku riƙe kwafi mai hatimi, ku kuma rubuta ranar da aka ce ku dawo.